Ubbo da Akwatin Kwanson Harsashi

"Ku dai ku yi ta ɓarin harsashi," in ji Ubbo Saathoff, ya jefa dunƙulen sukari a kofin shayinsa. "Ni tun da na fara riƙe bindiga, ban taɓa danna kunama tukunyar gidana ta kwana babu nama ba. Zomo in ya hango hulata da kansa yake kwantawa, don ya san gudun wahalar banza ce."

A gidan abincin Goggo Hilke ya faɗi haka, a teburin maharban Osterhamm, ƙauyensu na bakin teku, kuma sai da ya ɗaga murya kafin a ji shi, saboda kujerarsa ce ta can ƙarshe, tsakanin ƙofar waje da ƙofar bayi. In an buɗe waccan, iskar teku ta dake shi a ƙeya. In an buɗe wannan, abin da ya fi iska ya same shi a hanci.

Kujerar da yake mafarkin samu tana ɗaya ƙarshen, jikin murhu, da ƙusa guda a bango bisa kanta. Duk shekara, a walimar da ake yi bayan babbar farautar kaka, maharba kan zaɓi abin da za a rataya a ƙusar nan. Mai abin shi ke zama a kujerar har shekara ta zagayo, shi ake fara zuba wa abinci, shi ke samun tsiran alade mafi kauri. An daɗe kan wani aladen daji ne a wurin, na Fokko mai shanu, har asu ya cinye masa kunne ɗaya.

Fokko ya gyara zama a kan matashin da yake yawo da shi. Tun hunturun bara da wani ya watsa masa ƙwayoyin dalma a mazaunai ana cikin farauta, ba a kuma gano mai aikin ba, bai ƙara zama a kan katako tsirara ba.

"To, dodon zomaye," ya ce, "ina kawunan? Ina ƙahonin? Ko wutsiyar ɓera ce kawo mu gani."

"Matsalarka ke nan, Fokko, ƙauyanci. Wa yake rataya mushe a bango yanzu? Je ka gidajen manya a Ingila ka buɗe ido. Kwanson harsashi ake jerawa a akwatin gilashi mai firam, kowane da sunan abin da ya kashe. Nawa suna nan a ajiye, ko ɗaya ban yar ba."

"A ina?"

"A gida mana."

"Matarka ta sani?"

"Ina ruwan Talke da harkar maza? Ranar walima za ku gani. Kai dai ka fara nema wa aladenka wurin kwana."

Goggo Hilke ta zo da butar shayi ta dire a gabansu. "Ku dai kowa ya iya da bakin bindigarsa," ta ce, ta kalli hoton da ke bayan kantar sayar da abinci, mai baƙin ƙyalle a kusurwa. Hoton Kaisar ne, toron dinyarta, ƙaton farin tsuntsu mai kama da agwagwa, wanda babu ƙaurin da bai ciza ba a garin. An tsince shi a bayan shinge da harbi a ƙirji, ita kuwa ta rantse duk ranar da ta san wanda ya kashe shi, ba zai ƙara ci, ko sha, ko zama a ƙarƙashin rufinta ba sai dai bayan an binne ta. Kowa ya sunkuyar da kai cikin kofi.

Mutum ɗaya ne bai sunkuyar ba, tsoho Onno, mai gabatar da ƙara a kotun raha ta maharba. Ita ma kotun a walimar take zama, bayan an ƙoshi. Shekara guda Onno yake yi yana bin sawun 'yan farauta, duk inda aka yi wata ɓarna ya tsinci kwanson da aka yar a wurin. Ranar kotu ya ɗaga shi sama, mai shi ya tashi ya karɓi hukunci. Inda yake ɓoye kayansa kuwa, ko matarsa ba ta sani ba.

Gaskiyar magana, Ubbo ba shi da kwanso ko ɗaya. Kwalin harsashin da surukinsa ya ba shi ranar aure yana nan a saman kabad, ƙura ta rufe shi. Ba ya fashin farauta, amma kafin ya cire safar hannu, ya lalubo makullin bindiga, ya tuna wane ido ake rufewa, zomo ya kai ƙasar Holan. Naman tukunyarsu kuwa wurin mahauci Talke take sayowa.

Washegari ya ce ai abin mai sauƙi ne, kwanso ba sai an kashe wani abu ake samunsa ba. Ya ɗauki bindigarsa mai baki biyu ya zagaya bayan gida, bakin babbar magudanar ruwa, wadda faɗinta ya isa kwalekwale biyu su gifta juna. Ya saita tsakiyar ruwan, ya runtse ido duka biyu, ya ja kunama duka biyu a tare.

Bindigar ta yi masa harbin jaki. Ya tafi da baya, ya faɗa cikin tulin takin lambu, ƙafafu a sama. Kajin gidan suka watse, shanun Fokko na can hayi suka ruga da gudu. Talke ta buɗe taga.

"Ubbo! Yaƙi aka fara?"

"Dila na gani!"

"A cikin taki?"

Ya fito yana ɗingishi. Kwanso ɗaya ya nutse a cikin takin, ɗaya ya samu, duk ya yi dumu-dumu. Kafaɗarsa ta kumbura ta yi shuɗi. Ya duba ya ga kafin ya cika akwati da wannan dabarar, sai dai a rataya hannunsa a ƙusar.

Sa'a ta zo masa ranar da ya je aron zarto wurin Goggo Hilke. Ta ce ya duba rumfar bayan gida. Yana laluben zarto a bayan buhunan dankali ƙafarsa ta bugi wata tsohuwar garwar madara, ya ji wani ƙaras-ƙaras a ciki. Ya buɗe. Kwanson harsashi ne fal, ja da kore da rawaya da shuɗi, masu kauri da sirara, gindinsu na tagulla sai ƙyalli yake.

"Dubi abin da mutane ke zubarwa," ya ce, ya waiga hagu da dama, ya juye su duka a aljihunan kwat ɗinsa. Ya fito yana tafe yana ƙara kamar akuya mai ƙararrawa, zarton ma ya manta da shi.

Saura firam. Ya zagaya gidansa ya ga babu mai girma da kyau irin na hoton aurensu. Ya zare hoton ya tura bayan kabad. Saura koren ƙyalle na shimfiɗawa a ciki. Ya buɗe ma'ajiyar tufafi ya ga wata koriyar kwat mai laushi a can ciki, ya ce tunda ba ta gaba-gaba ai an gama da ita. Ya sa almakashi ya yanko murabba'i mai faɗi daga bayanta, ya mai da ita ya rataye, gabanta na kallon ƙofa.

Ya sayo gam mai kamawa nan take. Kwanson farko bai kama ƙyalle ba, babban yatsansa ya kama. Ya sa ɗaya hannun zai cire, shi ma ya kama. Yana nan hannu biyu a haɗe kamar mai addu'a a coci sai Talke ta shigo da kwandon wanki.

"Tuba ka yi?"

"Kawo ruwan zafi, Talke, bar wasa."

"Ina hoton aurenmu?"

"Na kai a goge masa ƙura."

"Wa zai goge?"

"Wani ƙwararre. Ba ki san shi ba."

Ta dube shi, ta dubi firam, ta dubi koren ƙyallen, ta daɗe tana dubansa. Sannan ta fita. Ubbo ya ɗauka ya tsira.

Da ya kuɓutar da yatsunsa, da ragowar fata kaɗan, ya shiga jeri. Ya lura wasu kwanson da ɗan tarkace a cusa a ciki, ya ce dattin rumfa ne, ba shi da lokacin shara. Ɗaya ma farin gashin tsuntsu ne ya leƙo daga bakinsa. Wannan ya yi masa daɗi, ya ba shi wuri a tsakiya, ya rubuta a ƙasa da kyakkyawan rubutu: *Farar agwagwar daji, tana sama, harbi ɗaya.* Sauran ya raba musu zomaye da diloli da zabin daji. Nasa na takin ya goge shi da hannun riga ya manna a kusurwa: *Dila, yana tsananin gudu.*

Sai ya ce bari ya gwada ratayawa a falo ya ga yadda zai fito. Ya ɗora ƙusa, ya ɗaga guduma, bugu na uku bango ya yi tsartuwa. Ruwan bututu ya feso masa a fuska, ya ƙi sakin akwatin, ya ɗaga shi sama yana ihu.

"Talke! Rufe famfo!"

"Wanne?"

"Babban!"

"Ina ruwan Talke da harkar maza?" ta amsa daga kicin. Ashe magana ta iso gida tun tuni. Sai da darduma ta fara iyo sannan ta taka a hankali ta je ta rufe.

Ranar farauta ya ɗaure akwatin a baya da igiya, an lulluɓe shi da zanen gado, ya hau keke. Iskar teku ta sami abin da take so. Ta cika zanen, ta tura shi gaba, ya wuce gidan Goggo Hilke a guje yana jan burki, ya wuce gidan burodi, bai tsaya ba sai cikin shingen coci. Fasto Remmers, wanda shi ne alƙalin kotun maharba, yana tsaye yana ɗaura takalmin farauta.

"Moin, Ubbo," ya gaishe shi da gaisuwar yankin. "Yau ba Lahadi ba ce."

"Moin, Fasto. Gaisuwa na kawo."

"Da gadonka a baya?"

Farautar kanta ba ta da labari. An busa ƙaho, an bi gonaki, an samo zomaye da zabi. Wani zomo ya zo ya tsaya gaban Ubbo ya sosa kunne ya wuce. Da aka tambaye shi ya ce bana ya bar wa matasa su koya.

Da yamma gidan Goggo Hilke ya cika, maharba a teburinsu, matansu a na kusa da taga. Aka ci kabeji da dankali da tsiran alade har aka kwance maɓallan wando. Ubbo ya miƙe, ya jingina kayansa a bango, ya yi gyaran murya, ya fizge zanen.

Abin haushi, akwatin ya yi kyau. Launuka a jere kan koren ƙyalle, tagulla na ɗaukar hasken fitila. Har wani ya yi fito. Aladen Fokko mai kunne ɗaya ya koma kamar tsohon tsumma.

Fokko ya taso riƙe da matashinsa, ya kai hanci jikin gilashi. "Wasu masu kauri, wasu sirara. Bindigarka ba ta zaɓen abinci ke nan?"

"Wanda ya iya, ko da bututun murhu ne sai ya harba."

"Duk kai ka harba su?"

"Duk."

"Ba aro, ba tsintuwa?"

"Tsintuwa? Ni?" Ubbo ya cire hularsa mai gashin zabo ya ajiye a tebur, ya ɗora hannu a kai, yadda maharba ke rantsuwa. "Na rantse da hular nan, duk kwanson da ke cikin gilashin nan daga bindigata ya fito, da yatsana, da idona. Wanda ya ce ba haka ba, ya fito."

Ba wanda ya fito. Aka yi tafi. Ubbo ya saci kallon kujerar murhu, har ya fara jin ɗuminta a bayansa.

"Zaɓe sai bayan kotu," in ji Fasto Remmers. Ya ɗauki hular ulun da ake rufa wa butar shayi ya kifa a kai, ya buga ludayi a tebur. "Kotu ta zauna. Mai gabatar da ƙara!"

Tsoho Onno ya miƙe a hankali. "Ranka ya daɗe, da murabus na zo yi. Shaidun shekara guda na tara a garwar madara, na je ɗauka na tarar wayam." Maharba da dama suka sauke ajiyar zuciya a ɓoye. "To amma Allah ya haɗa ni da mutumin kirki. Ga su nan duka, an wanke, an jera, an sa musu gilashi. Ga mai su kuma ya rantse da hularsa. Ban taɓa samun aiki mai sauƙi irin na bana ba."

Kowa ya juya ya kalli Ubbo. Shi kuwa ya ƙura wa akwatinsa ido.

Onno ya buɗe murfin akwatin, ya zaro matsefata daga aljihu. "Ni ba na rubutu, mantuwa gare ni. Abin da aka ɓata nake gutsurowa in cusa a kwanson." Ya zura a cikin wani ja, ya fito da ɗan fasasshen gilashi. "Nan an rubuta *zomo*. Wannan zomon dai shi ne ɗakin gilashin da Fasto ke shuka tumatir."

Fasto ya leƙo ta ƙarƙashin hular buta. "Ashe kai ne, ɗana?"

Ubbo ya yi lissafi da sauri. In ya ce ba shi ba ne, ƙusa ta tafi. In ya ce shi ne, gilashi ne kawai. Ya ɗaga haɓa. "Zomon ne ya shige ciki, Fasto. Ni kuwa ba na barin abin da na sa a gaba."

"Ƙwarai, na gan shi!" in ji wani maƙeri daga tsakiyar tebur, wanda kowa ya san jan harsashi yake amfani da shi. "Da idona na gan shi!"

"Ka gyara gilashi, ka yi ban ruwan tumatir bazara guda," in ji Fasto, ya buga ludayi.

Daga nan abin ya zama biki. Onno ya zaro guntun roba: tayar motar madara. Ya zaro ɓawon fenti: allon sunan gari, wanda yanzu ake hango sama ta cikinsa. Ya zaro tsinken katako: ɗan gunkin lambun matar likita, da aka fille wa kai. Kowace tuhuma sai shaidu uku sun tashi, kuma wanda ya fi ɗaga murya shi ne wanda fuskarsa ta fi ja ɗazu. Ubbo yana karɓa yana ƙarin bayani, gumi na bin kunnensa.

Sai matsefata ta fito da ɗan guntun yadi mai ruwan ƙasa.

"Wannan," in ji Onno, "daga wandon Fokko na yanko, a asibiti."

Matashi ya faɗi daga hannun Fokko. "Kai ne? Kai ne ka sa na ci abincin Kirsimeti a tsaye? Likita yana tsinta yana jefawa a faranti, ina jin ƙararsu ɗaya bayan ɗaya!"

Ubbo ya juyo wajensa. "Ka yi haƙuri, maƙwabci. Ka sunkuya ne, daga baya kuma ba ka da maraba da wancan na bango. Kowa zai shaida."

Dariya ta ɓarke har da buga tebur. Fasto ya yanke masa kwasar kashin shanun Fokko har ƙarshen hunturu. Ubbo ya karɓa. Ya ga ma kamar mutane sun fara kallonsa da wani irin girma, don mutumin da ya harbi rabin gari ai ba abin rainawa ba ne. Kujerar tana nan, taku kaɗan.

"Saura na tsakiya," in ji Onno. Ya karanta a hankali. "*Farar agwagwar daji. Tana sama. Harbi ɗaya.*" Ya jawo farin gashin ya ɗaga. "A bayan shingen Goggo na tsince shi."

Wannan karon ba mai shaidar da ya tashi. Goggo Hilke ta ajiye tukunyar da ke hannunta. Ta goge hannu a jikin zanen aikinta, ta tako har ƙarshen tebur, ta ɗauke farantin Ubbo, ta ɗauke kofinsa, ta jawo kujerarsa ta kifa a kan tebur. Sannan ta buɗe ƙofar waje, iska ta shigo.

"Fita."

"Goggo, tsaya ki ji..."

"A sama? Kaisar da ko matakala sai na ɗaga shi? Fita, Ubbo. Ranar jana'izata ka dawo."

Gidan abinci ɗaya ne a Osterhamm. Murhu ɗaya, teburin maharba ɗaya. Ubbo ya dubi ƙofa, ya dubi ƙusa, ya dubi hularsa.

"Ba ni ba ne," ya ce a hankali.

"Ɗaga murya, kotu ba ta ji," in ji Fasto.

"Ba ni ba ne! Tsintar su na yi! A rumfa, bayan dankali, na je aron zarto!"

"Haba, dodon zomaye, bar ƙanƙan da kai," in ji Fokko. "Ka rantse da hularka."

"Ƙarya na yi!"

"Yanzu kake yi dai," in ji maƙeri. "Mutum mai hannu irin naka?"

"Wane hannu? Jama'a, ku ji tsoron Allah! Wa ya taɓa ganin na sami wani abu? Fokko, shekara nawa muna tsayawa kusa da juna, ka taɓa jin ƙarar bindigata? Ko yau zomo a gabana ya yi susa! Ni ido biyu nake rufewa!"

"Kotu ba ta aiki da baki," in ji Fasto, yana danne dariya har hular buta na rawa. "Kana da shaidar cewa ba ka iya harbi ba?"

"Yana da ita."

Talke ce ta miƙe daga teburin mata, sanye da koriyar kwat ɗinta ta zuwa coci. Ta zo gaban kotu, ta buɗe jaka, ta dire kwali mai ƙura. "Babana ya ba shi ranar aurenmu. Ku duba, biyu kacal suka fita, su ma kwanan nan. Onno, akwai wanda ba naka ba a akwatin nan?"

Onno ya duba. "Na kusurwa. *Dila, yana tsananin gudu.*" Ya sansana. "Dilan nan taki yake wari."

"Shi ne nasa. Ina taga ina kallo. Magudanar bayan gidanmu ya saita, yana tsaye a bakinta."

"Ya same ta?" Fasto ya tambaya.

"Ko ɗigon ruwa bai motsa ba."

Ta juya za ta koma wurin zamanta, sai ga tagar da aka yanke a bayan kwat ɗin, daidai da faɗin akwatin, rigarta ta ciki na leƙowa. Nan fa aka rasa mai riƙe wani. Maƙeri ya zame ƙarƙashin tebur. Fokko ya manta ya zauna a kan katako tsirara, ya zabura da ihu, ya ci gaba da dariya a tsaye. Fasto ya yi ta buga ludayi, hawaye na zuba.

"Kotu ta gamsu," ya ce da ƙyar. "An wanke Ubbo Saathoff daga gilashi, da taya, da allo, da gunki, da mazaunan Fokko, da jinin Kaisar, bisa tabbacin cewa tun da aka haife shi bai taɓa samun komai ba. Zai sayi sabuwar kwat. Akwati ya koma hannun Onno, a sake bincike."

Dariyar ta ragu a wasu fuskoki.

Goggo Hilke ta rufe ƙofa. Ta bi maharban da kallo ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sami abin dubawa a farantinsa. Sai ta miƙa hannu ta ciro kan aladen daga ƙusa ta dangwara wa Fokko a ƙirji, ta ɗauki bindigar Ubbo daga inda aka jingine bindigogi ta rataya a wurin.

"Bana ba zaɓe," ta ce. "Gidana ne, ƙusata ce. Mai kashe Kaisar yana cikinku, kuma ba zai ji ɗumin murhuna ba. Taso, Ubbo."

Ta kama shi a hannun riga ta kai shi kujerar, ta danna shi ya zauna, ta zaɓo tsiran alade mafi kauri ta ɗora masa.

"Ci, ɗan albarka. Duk ɗakin nan kai kaɗai na tabbata ba za ka iya kashe ko ƙuda ba."

Ubbo ya zauna, kunnuwansa sun yi jajir, ɗumi na ratsa bayansa. Ya kalli tsiren, ya kalli jama'a. Ya yanka, ya tauna, ya haɗiye. Sai ya ɗan gyara zama, ya ɗaga cokali mai yatsu ya nuna Fokko.

"Ni dai na gaya muku, bana a kujerar nan zan..."

"Ubbo," in ji Talke daga teburin mata, ba ta ko waigo ba. "Hoton aurenmu."

Ya mai da cokalin cikin kabeji.